Kek Mai Tsinke a Gidan da Babu Firji: Nazarin Shekara Guda na Sana'ar Wata Mata a Ƙasar Ringim

## Asalin lamarin

Matar da wannan nazari ya shafa tana aure ne a wani ƙauye da ke tsakanin Ringim da Taura, a jihar Jigawa. 'Ya'yanta huɗu, maigidanta manomi ne da ke taɓa ɗinki da rani. 'Yar ƙanwar mahaifiyata ce, kuma tunda ni a Kano nake zaune, ni ce mai sayo mata kayan aiki in ba direban motar da ke zuwa kasuwar Gujungu ranar Lahadi, babban ɗanta ya je ya karɓo. Abin da ke cikin wannan rubutu na tattaro shi ne daga saƙonnin muryar da muka riƙa tura wa juna a WhatsApp, da littafin da ta fara rubuta awonta a ciki daga baya, da kuma abin da na gani da idona a zuwa biyun da na yi.

Tun 2021 take yin kek na sayarwa. Ba ta da oben. Gwangwanayen madara take shafa wa mai ta zuba kwaɓi, ta jera su a kan yashi cikin babbar tukunya, gawayi a ƙasa, garwashi a kan murfi. Kowane kwaɓi yana ba ta guda 36, kuma ba a rasa biyar ko shida da suka ƙone ta gindi, ko suka karye wajen fitarwa, ko suka lotsa a tsakiya. Da can wannan rabon yara ne, ba ta ko lissafa shi. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, da fulawa da sukari da ƙwai suka yi ta hauhawa, sai ta lura cewa shidan nan su ne kusan ribarta gaba ɗaya.

A ƙarshen shekarar ta ga bidiyon abin da ake kira kek pop a wayarta: a marmashe kek, a haɗa shi da bota da garin sukari, a mulmula, a soka tsinke, a tsoma cikin narkakken cakuleti. Wata Ba'amurkiya, Angie Dudley, wadda aka fi sani da Bakerella, ita ta yayata shi a 2008, kuma a 2011 kamfanin Starbucks mai sayar da gahawa ya fara sayar da shi a shagunansa. Abin da ya ja hankalinta shi ne ba ya neman kek mai kyawun gani. Karyayye ma yana yi.

Turakun lantarki sun iso ƙauyen, amma wutar takan yi kwanaki ba ta leƙo ba. Babu firji a gidan. Firiza mafi kusa tana shagon wani mai sola da ke sayar da lemo da ƙanƙara, tafiyar kamar minti ashirin a babur.

## Disamba 2023 zuwa Janairu 2024: gwajin farko

Ta tara ɓarnar kwaɓi biyu, ta yanke wuraren da suka ƙone, ta samu marmashi kofi huɗu. Ta zuba bota ludayi biyu da garin sukari kofi ɗaya, kamar yadda ta gani a bidiyon. Ta mulmula guda 20, kowanne kamar ƙwan zabo. Cakuletin kuwa ni na saya, irin na ci wanda ake sayarwa cikin takarda, domin a tunanina mai tsada shi ne zai fi yin kyau. Tsinke ta yi amfani da na tsire, ta karya shi biyu.

Hunturu ne, lokacin da sanyin dare a wannan yanki kan sauko ƙasa da digiri 15. Ta bar dunƙulen a faranti a kan rumfa suka kwana, da safe ta narka cakuleti ta tsoma. Don su bushe a tsaye, ta ɗaure guntayen karan dawa wuri guda ta riƙa soka tsinkayen a cikin totuwar. Guda 17 suka fito lafiya, uku suka zame daga tsinke.

Ta kai goma gidan sunan wata maƙwabciyarta a matsayin gudummawa. Kafin la'asar mata uku sun tambayi farashi. Ta yanka naira 150. A watan Janairu ta yi sau huɗu, duka guda 95, ba ta rasa fiye da goma ba. Ta turo mini hoto tana cewa, "Yaya, ashe abin ba shi da wuya."

## Fabrairu zuwa Maris: alamun farko

Daga tsakiyar Fabrairu iska ta fara ɗumama. Cakuletin da a da yake bushewa cikin minti biyar ya koma sai ya yi rabin awa yana danshi. Dunƙulen da ta bari a rumfa suka riƙa wayar gari da laushi, suna maiƙo a hannu. A aikin farkon Maris, shida cikin 25 suka faɗo. Ta ɗauka hannunta ne bai daidaita ba.

An ɗauki azumi ranar 11 ga Maris, ciniki ya lafa, ta daina yi. A goman ƙarshe wata Hajiya a garin da ke kusa da su, wadda ta ɗanɗana a wurin sunan nan, ta aiko da odar guda 120 don yaran da za su zo mata yawon Sallah. Kuɗin ya kama naira 18,000, ta ba da rabi.

## 7 zuwa 10 ga Afrilu: odar Ƙaramar Sallah

Cakuletin da na aiko ranar Lahadi, 7 ga wata, ya isa hannunta a narke cikin takardarsa. Afrilu ne, watan da zafin rana a Kano da Jigawa kan haura digiri 40, kuma na wannan shekarar ya yi tsanani ƙwarai.

Ranar Litinin ta gasa kek na musamman, tunda ɓarna ba za ta isa guda 120 ba. Haɗin ya yi laushi har ba ya mulmuluwa. Ta kira ni, na ce ta kai wa mai sola ya sa mata a firiza, haka ake yi a bidiyo. Suka kwana a can.

Na iso ƙauyen ranar Talata da hantsi, jajibirin Sallah. Yaron da ta aika ya dawo da dunƙulen bayan azahar, sun daskare kamar duwatsu. Muka shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiyar tsakar gida muka fara aiki, duka biyunmu da azumi a baki. Na farkon da ta tsoma, cakuletin ya bushe nan take, ya yi sheƙi har muka yi hamdala. Ta jera guda talatin a jikin kara. Bayan kamar kwata na awa muka fara jin wata ƙaramar ƙara, tas, tas. Ta ɗauko ɗaya ta miƙo mini. Tsaga ta taso daga gindin tsinke ta zagaya har sama, wani mai ruwan ɗorawa yana tsattsafowa ta cikinta yana bin tsinken.

"Yaya, duba ki gani, kuka yake yi," in ji ta.

Waɗanda ke jiran layi a faranti kuma suka fara zufa, raɓa ta lulluɓe su. Kowanne ta tsoma sai ya bar ɗan ruwa a kwanon, cakuletin ya riƙa yin kauri. Da ya ƙi bin jikin dunƙule, ta ɗebo ruwan zafi cokali biyu ta zuba don ya saki. A gaban idonmu ya dunƙule ya zama kamar tuwon da ya kwana, mai tsaki-tsaki, cokali na tsayawa a ciki. Muka mayar da shi kan wuta, ya fara ƙauri. Sauran kwano ɗaya ya rage, shi muka lallaɓa. Zuwa la'asar dunƙulen sun saki gaba ɗaya, ana ɗago su daga kwano sai su sulale su koma ciki, su bar marmashi.

Lissafin da muka yi bayan shan ruwa shi ne: 41 masu kyau, 34 sun tsage, 27 sun faɗo daga tsinke, 18 ba su samu cakuleti ba. Surukarta, da ke zaune tana kallonmu tun azahar, ta ce, "Ke 'yar nan, ki bar abin Turawan nan ki koma wa dubulan ɗinki, shi ba ya kuka."

Da safiyar Laraba, kafin a tafi Idi, ta kai 41 ɗin da kanta tare da canjin naira 2,850. Ta durƙusa ta ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, abin ya fi ƙarfina." Hajiyar ta karɓa ba tare da faɗa ba, sai dai ta ce da ta sani tun jiya da ta sa an ƙara cincin. Wannan maganar ta fi asarar kuɗin yi mata ciwo. Ragowar muka danne a tire muka yanka wa yara da almajirai.

## Sauran Afrilu: abubuwan da aka gwada ba su yi ba

Ta yi mako guda ba ta taɓa maganar ba, sannan ta dawo da gwaji, kaɗan-kaɗan.

Ta fara da rage zaman firiza zuwa awa biyu. Tsagewa ta ragu, amma kafin yaron ya iso gida a babur raɓa ta riga ta sauka, ga kuɗin zuwa da dawowa. Ta sayi ƙanƙara ta sa a kula tare da dunƙulen, ruwan narkewa ya jiƙa na ƙasa. Ta gwada tsomawa sau biyu don rufin ya yi kauri, nauyi ya ƙaru, faɗowa ta ƙaru.

Da cakuleti ya ƙare, ta haɗa nata da garin koko da garin sukari da man gyaɗa. Ɗanɗanon ba laifi, amma bai taɓa bushewa ba, domin man gyaɗa ruwa ne ko da sanyi ko da zafi. Ta maye gurbin bota da tunkuza, tunda an riga an matse manta. Wannan ya mulmulu da kyau, ya kuma riƙe tsinke fiye da duk abin da ta gwada a baya. Sai dai ɗanɗanon gyaɗa ya danne na kek, kuma a kwana na biyu ya fara tsami, don da ruwan zafi ake tatsar mai, tunkuza tana fitowa da sauran damshi a jikinta. Ta watsar da ita, amma ta riƙe abu guda: busasshen haɗi ya fi zama a tsinke.

## Mayu zuwa 16 ga Yuni: awo da littafi

A ƙarshen Afrilu na je shagon kayan kek a Sabon Gari na kwashe labarin duka na faɗa wa mai shagon. Ya tambaye ni wane cakuleti muke amfani da shi. Da na faɗa masa, ya girgiza kai ya ɗauko mini wani ƙaton bulo, wanda masu sana'ar ke kira kwamfawun. Bambancin a cikin mai yake. Cakuletin ci da man koko ake yin sa, wanda ke narkewa a wajen digiri 34, ƙasa da ɗumin jikin mutum, kuma idan an narka shi sai an bi wata ƙa'ida ta saukar da zafinsa da ɗagawa kafin ya sake bushewa da ƙarfi. Kwamfawun kuwa garin koko ne da sukari da man alayyadi da aka tace aka daskarar. Ana narkawa a tsoma kawai, ya fi jure ɗumi, kuma ya fi araha. Na saya tare da ƙaramin sikeli na kicin da tsinkayen takarda guda 200, suka tafi a motar Lahadi, 5 ga Mayu.

Daga nan ta ɗauko tsohon littafin makarantar 'yarta ta fara yin guda goma-goma, tana sauya abu ɗaya tak a kowane gwaji.

Sikelin ya nuna mata cewa ƙwan zabonta giram 38 ne, kuma a marmashi giram 500 tana zuba bota da sukari kusan giram 200. Ta rage girman zuwa giram 20, kamar madaidaicin goro. Faɗowa ta sauko daga huɗu cikin goma zuwa ɗaya. Ta cire bota gaba ɗaya, ta koma madara mai kauri ta gwangwani, irin mai zaƙin nan, giram 70 a marmashi giram 500. Ma'aunin da ta samo wa kanta shi ne ta damƙi haɗin: idan ya tsaya bai warwatse ba, kuma tafin hannunta bai yi maiƙo ba, ya yi. Kukan mai ya tsaya daga wannan gwajin. Ta kuma koyi tsoma kan tsinken a cakuleti kafin ta soka shi, zuwa rabin dunƙule, ta bar shi minti goma ya kama. Tsinken takarda ya fi na tsire kauri, ba shi da tsini, don haka ba ya tsaga dunƙule, kuma hankali ya fi kwanciya idan yana hannun ƙaramin yaro.

Narkawa ma ta sauya. Takan tafasa ruwa ta sauke tukunyar daga wuta, ta ɗora busasshen kwano a kai ba tare da gindinsa ya taɓa ruwan ba, ta goge cokali da kwano da tsumma kafin su kusanci cakuleti. In ya yi kauri, man gyaɗa ƙaramin cokali ɗaya take sa wa kowane giram 100. Da ta taɓa zuba uku, rufin ya ƙi bushewa.

Saura sanyi. Maigidanta ne ya tuno da randa cikin randa, wadda ya taɓa gani ana ajiye tumatir da yalo a ciki. Dabarar ta 'yan gida ce: Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Dutse, shi ya yaɗa ta a ƙauyukan Jigawa a shekarun 1990, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Ana sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen buhu. Yayin da ruwan ke tsotsewa ta jikin babbar yana bin iska, sai ya tafi da zafin ciki. Ya haɗa mata ɗaya a zaure, inda iska ke ratsawa.

Gwajin farko bai yi ba. Ta sa dunƙulen a buɗe, cikin randa kuma damshi ne, suka fito da laima, cakuleti ya ƙi kama su. A na biyu ta jera su a roba mai murfi, da busasshen tsumma a ƙasa. Suka kwana, suka fito da ƙarfi, masu sanyi kamar ruwan tulu, babu raɓa. Ta mayar da lokacin tsomawa bayan sallar asuba, ta gama kafin ƙarfe bakwai. A gwaji uku na ƙarshen Mayu, guda 30, ɗaya ne ya tsage.

Babbar Sallah ta kama ranar Lahadi, 16 ga Yuni. Ba ta nemi oda ba, ta yi guda 60 da kuɗinta. Uku suka tsage, biyu suka faɗo, 55 suka fito. Ta aika wa Hajiyar da goma kyauta, sauran ta sayar a naira 200.

## Yuli zuwa Satumba: damina

Da ruwa ya zauna, randar ta rage aiki, domin iskar da ta riga ta ƙoshi da damshi ba ta ɗaukar wani ruwan. Sai dai garin ma ya yi sauƙi, haɗin kuma busasshe ne, don haka dunƙulen suna riƙe kansu ko babu ita. Matsalar ta koma wani wuri. Waɗanda ta ɗaure a leda da wuri suka riƙa yin gumi a ciki, rufin ya yi fari-fari yana danƙo. Wasu guda takwas da ta ajiye don ta ga iyakarsu, a kwana na huɗu da ta fasa ɗaya ta samu fumfuna a kusa da tsinke. Daga ranar ta kafa wa kanta doka: yau a yi, gobe a kai, kuma takan gaya wa mai saye kada ya wuce jibi. Leda kuwa sai dab da fita take ɗaurawa.

A Yuli ta yi asarar farin kwamfawun giram 300. Wata amarya ta nemi ruwan hoda, ta ɗiga kalar kek da ta saba amfani da ita, ya dunƙule nan take kamar na Afrilu, domin kalar da ruwa aka haɗa ta. Akwai kala mai mai da aka yi don cakuleti, amma tana da tsada, sai ta koma yin ado da barbaɗe kafin rufin ya bushe.

A farkon Agusta aka sa dokar hana fita a Kano da Jigawa saboda zanga-zangar tsadar rayuwa, ban samu aika mata kaya ba. Ga marmashi ya taru, babu cakuleti. Ta kankare kwakwa ta soya sama-sama a busasshen kasko, ta shafa wa dunƙulen 'yar madara, ta mirgina su a ciki. Wasu ta yi da dakakkiyar gyaɗa, wasu da soyayyen riɗi. Ta sa naira 100, ta ba mai shagon bakin makarantar firamare. Guda 40 suka ƙare kafin a tashi.

## Oktoba zuwa Disamba 2024: inda aka tsaya

Daga wajen 21 ga Oktoba yawancin jihohin Arewa suka shiga duhu na sama da mako guda saboda lalacewar manyan layukan lantarki. Wata mai kek a cikin garin Ringim, wadda aikinta ya dogara da firji, ta tura mata odar da ta karɓa ta walimar saukar Alƙur'ani, guda 150, ranar Asabar 26 ga wata. Na je na taya ta. Ranar Alhamis ta gasa, da dare muka mulmula muka sa a randa, wadda ta dawo aiki tunda iska ta fara bushewa. Asubahin Juma'a muka tsoma a hasken fitilar caji, ba wanda ya tsage, ba wanda ya faɗo. Ranar Asabar da ƙarfe shida da rabi maigidanta ya ɗauke su a babur, a tsaye cikin kwalin da aka huhhuda, kwalin cikin kula marar ƙanƙara. Huɗu suka karye a gargadar hanya, 146 suka isa.

Zuwa ƙarshen Disamba littafinta ya nuna tana sayar da mai kwakwa da mai gyaɗa tsakanin 60 da 80 a mako, mai cakuleti kuma sai da oda, sau biyu ko uku a wata, a naira 250. Asara ba ta wuce ɗaya cikin ashirin ba, kuma yawancinta a hanya ne.

## Abin da na fahimta

Nasarar Disamban 2023 ta hunturu ce. Sanyin dare ya yi mata aikin firji, ya ɓoye kurakurai uku da ke cikin haɗin tun ranar farko: girma, da yawan bota, da irin cakuletin. Da a watan Maris ta fara, da ta gano su da guda 20, ba da guda 120 na kuɗin mutane ba.

Biyu daga cikin abubuwan da suka rusa aikin Afrilu daga wajena suka fito, kuma har yau abin yana damuna. Ni na zaɓi cakuletin ci, ni na ce a kai firiza. Firizar ta fi yin ɓarna. Daskararren dunƙule yana busar da rufin nan take, sannan shi kansa ya riƙa kumbura yayin da yake ɗumama, rufin da ya riga ya sandare ba shi da wurin buɗawa sai ya tsage. Sanyin ne kuma ya jawo raɓa, raɓar ta shiga kwano, ruwa kaɗan kuwa ya isa ya jiƙa sukarin da ke cikin cakuleti ya manne wuri guda. Masu bidiyon da muka kwaikwaya suna fito da nasu ne zuwa ɗaki mai sanyi. Mu tsakar gida muka fito da shi, a rana mai digiri 40. Randa ta fi dacewa ne saboda sanyinta kaɗan ne, tazarar da ke tsakanin dunƙule da cakuleti ba ta kai ta tsagewa ba.

Duk da haka ban ɗauki randar a matsayin babban abin da ya gyara lamarin ba, tunda da damina an yi aiki babu ita. A ganina sikeli da littafi ne. Gwaje-gwajen Afrilu an yi su ne cikin ɓacin rai, ana sauya abubuwa barkatai, ba a san wanne ya taimaka ba. Na Mayu kowanne ya amsa tambaya guda. Cire bota shi kaɗai ya kawar da kukan mai da rabin buƙatar sanyi, domin bota da zafi narkewa take yi, madara mai kauri kuwa sukarinta ne ke riƙe marmashi.

Ta fuskar kuɗi, mai cakuleti bai cika burin da aka fara da shi ba. Ɓarnar kek ɗinta ba ta wuce ta guda 25 zuwa 30 a mako ba, duk abin da ya haura haka sai ta yi sabon gashi. Idan aka cire kwamfawun da tsinke da leda da kuɗin mota daga Kano, abin da ke saura a kan naira 250 da take sayarwa a ƙarshen 2024 ba shi da yawa. Amfaninsa shi ne yana sa a san ta a gidajen biki, masu odarsa kuma sukan haɗa da kek da cincin. A shekarar, ribar yau da gobe tana wajen mai kwakwa na naira 100, wanda rashin kaya ya haifar a Agusta, ba ya neman komai daga birni sai tsinke.

Abu biyu ba su warware ba. Hanya tana ci gaba da karya mata kaya, kwalin da aka huda bai isa ba idan tafiyar ta yi nisa. Kwamfawun kuma, duk juriyarsa, yana saki idan zafi ya haura 40, kuma ba ta sake gwada shi a tsakiyar bazara da yawa irin na Afrilu ba. Shawarar da ta yanke ita ce daga tsakiyar Maris har ruwa ya sauka ba za ta karɓi odar mai cakuleti fiye da guda 50 ba, kuma sai mai shi ya yarda a kai masa kafin ƙarfe tara na safe. Hajiyar nan ta riga ta aiko tana tambayar Sallar 2025. Ta amsa mata cewa za ta yi 50 masu cakuleti, 70 masu kwakwa.